Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Gwanintar Matuƙan Jiragen Yaƙi Da Hoton Da Ake Nuna Mana

A daren Alhamis, 25 ga Disamba, 2025, mutanen garin Jabo da ke ƙaramar hukumar Tambuwal a Jihar Sakkwato sun ji wata irin ƙara da ba su taɓa jin irinta ba. Sama ta yi ja, gidaje suka girgiza, wani abu ya faɗo a gonakin da ke gefen gari. Kafin gari ya waye, Shugaban Amurka Donald Trump ya shelanta wa duniya cewa sojojinsa sun kai hari kan mayaƙan ƙungiyar IS a arewa maso yammacin Nijeriya. Daga bisani Ministan Yaɗa Labarai, Alhaji Mohammed Idris, ya bayyana cewa da amincewar gwamnatin tarayya aka kai harin, kuma maɓoyar 'yan ta'adda aka auna a dajin Bauni na ƙaramar hukumar Tangaza, abin da ya faɗo a Jabo da kuma garin Offa na Jihar Kwara ɓaraguzan makaman ne. Cikin ikon Allah ba a rasa rai a Jabo ba. To amma duk wanda ya san ƙasar Sakkwato ya san cewa Tangaza tana can arewa kusa da iyakar Nijar, Tambuwal kuwa tana kudu a kan hanyar Jega, sannan mutanen Jabo sun shaida wa manema labarai cewa su dai ba su san da wani sansanin 'yan ta'adda a garinsu ba.

Hotuna iri biyu ne suka biyo bayan wannan dare. Na farko shi ne ɗan gajeren bidiyon da hukumomin tsaron Amurka suka fitar, wanda ya nuna makami mai linzami yana tashi daga jirgin ruwan yaƙi, wuta na bin bayansa, gwanin ban sha'awa. Na biyu shi ne wanda 'yan jarida suka ɗauko a Jabo: ƙonanniyar ƙasa, guntayen ƙarafa, da manoma tsaitsaye cikin juyayi suna duban gonarsu. Hoton farko ya nuna tashi, na biyu ya nuna sauka. A tsakanin hotunan nan biyu ne maganar da nake son mu tattauna da mai karatu take, domin ga dukkan alamu yaƙi ta sama ya riga ya zama wani ɓangare na rayuwar Arewa, alhali kuwa yawancinmu, har da mu 'yan boko, daga zane da fim da wasan kwamfuta muka samo ɗan abin da muka sani game da shi.

Zanen da ke cikin wayoyinmu

Tun ba yau ba jirgin sama yake burge Bahaushe. Tun ranar 1 ga Nuwamba, 1925, da jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, jirgi ya shiga cikin tunanin masu fasaharmu. Magina a Zariya da Kano sun riƙa zana shi a fuskar gidaje tare da dagi da takobi da keke, masu fentin bayan manyan motoci kuma suka jera shi da zaki da gaggafa. Abin da ya canza a yau shi ne kayan aikin. Yaro mai kwamfuta, ko ma mai waya kawai, yana iya zana jirgin yaƙi yana ratsa gajimare, rana na ƙyalli a fikafikansa, jirgin abokin gaba na cin wuta a can ƙasa, har mai kallo ya rantse cewa da kyamara aka ɗauka. Da zuwan ƙirƙirarriyar basira kuwa, ko iya zanen ma ba a buƙata, sai dai mutum ya rubuta abin da yake so na'ura ta fitar masa.

Ko shakka babu wannan fasaha ce, kuma tana da amfaninta. Akwai masu zanen da kan shafe makonni suna binciken launin jirgi da lambarsa da yanayin sararin samaniya na ranar da aka yi wani gumurzu kafin su zana shi. Wasannin kwamfuta irin su DCS World sun kai matsayin da suke kwaikwayon kusan kowane maɓalli da ke gaban matuƙi, sannan rundunonin sojan sama na duniya suna horar da matuƙansu a cikin na'urorin kwaikwayon tuƙi, inda mutum zai yi kuskure sau ɗari ba tare da an yi jana'iza ba.

Sai dai a nan gizo yake saƙar. A farkon yaƙin Rasha da Yukren a watan Fabrairun 2022, labari ya game duniya na wani matuƙin Yukren da aka laƙaba wa suna Fatalwar Kiev, wanda aka ce ya kakkaɓo jiragen Rasha shida a rana guda. Miliyoyin mutane suka kalli bidiyon da aka ce nasa ne, daga baya aka gano cewa da wasan DCS World aka haɗa shi. A ƙarshen watan Afrilun shekarar, rundunar sojan saman Yukren da kanta ta amsa cewa babu wani mutum guda mai wannan suna, almara ce ta ƙarfafa gwiwa. Kafin wannan, a watan Nuwamban 2017, ma'aikatar tsaron Rasha ta taɓa wallafa wani hoto a matsayin hujjar cewa Amurka na taimaka wa 'yan IS, ashe daga wani wasan waya aka ciro shi. Idan har ma'aikatar tsaro ta babbar ƙasa za ta faɗa wannan rami, ina ga ɗan'uwanmu da ke zaune a teburin mai shayi a Dogon Daji, wanda aka turo wa bidiyo ta WhatsApp aka ce jiya aka ɗauka a dajin Zamfara?

Illar irin wannan zane ba ta tsaya ga ƙarya kaɗai ba. Ko da mai zane bai yi niyyar yaudara ba, akwai abin da hotonsa yake koya wa ido. Yana koya masa cewa sama fili ne mai tsabta, abokin gaba a bayyane yake da alamarsa a fiffike, kuma gwanintar matuƙi ita ce wulƙawa da harbi. Babu kasuwa a hoton, babu rugar Fulani, babu makarantar allo, babu ayarin masu rakiyar amarya. Alhali su waɗannan su ne ainihin jarrabawar matuƙin Nijeriya.

Mece ce gwanintar matuƙi?

Bari mu fara da jiki. Idan jirgin yaƙi ya yi kwana mai tsanani cikin gudu, nauyin jikin matuƙi yakan ninka, a jiragen zamani har sau tara. Ke nan mutum mai kilo 70 zai ji kamar an danne shi da kilo 630. Jini yakan gudu daga kai ya taru a ƙafafu, gani ya dushe, idan abin ya ci gaba mutum ya suma alhali jirgi na tafiya. Shi ya sa suke sanya wani wando na musamman mai kumbura ya matse cinyoyi da ciki, suke kuma koyon wata irin matsar jiki da jan numfashi. Ga kuma gudu. Jirgin da ke tafiyar kilomita 700 a awa guda yana cin kusan mita 200 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato ƙauyen da faɗinsa bai wuce rabin kilomita ba zai wuce ta ƙarƙashin matuƙi kafin a ƙirga uku. A cikin wannan hali ake so ya lura da mai, ya saurari rediyo, ya kula da ɗan'uwansa da ke gefe, ya kuma yanke hukuncin da ba a warwarewa.

Duk da haka, manyan gwanayen wannan fage ba su ɗauki juriya ko iya wulƙawa a matsayin uwar gwaninta ba. Oswald Boelcke, Bajamushen da ake ɗauka a matsayin uban dabarun yaƙin sama, wanda ya kakkaɓo jirage 40 kafin rasuwarsa a watan Oktoban 1916, ya bar wa ɗalibansa ƙa'idoji takwas. Jigonsu shi ne mutum ya nemi matsayi mai kyau tun kafin ya afka, ya sa rana a bayansa, kada ya ɗauke ido daga abokin karawarsa, kada kuma ya buɗe wuta sai ya matso kusa ya tabbatar da abin da ya auna. Ɗalibinsa Manfred von Richthofen da waɗannan ƙa'idoji ya kai jirage 80 kafin a kashe shi a watan Afrilun 1918. A Yaƙin Duniya na Biyu, Erich Hartmann, wanda aka lissafa wa jirage 352, adadin da babu wanda ya kai shi a tarihi, ya gina salonsa ne a kan matakai huɗu: ya gani, ya yanke shawara, ya kai hari, ya janye. Idan yanayi bai yi masa ba sai ya ƙyale, ya jira wata rana. Daga baya wani hafsan sojan saman Amurka, Kanar John Boyd, ya mayar da wannan tunani darasi da ake koyarwa a makarantun soja: wanda ya riga lura, ya riga fahimtar abin da ya gani, shi ke da nasara, ko da jirgin abokin gabarsa ya fi nasa gudu.

Mai karatu zai lura cewa a wurin dukkansu gani ne a gaba, harbi ne a baya. Akwai ma lokacin da ƙin harbin shi ne jarunta. A ranar 20 ga Disamba, 1943, wani matuƙin Jamus mai suna Franz Stigler ya riski wani jirgin Amurka mai jefa bama-bamai samfurin B-17 da aka yi wa kaca-kaca a sararin samaniyar Bremen. Da ya matso sai ya hango ta cikin ɓarakar jikin jirgin mutane jina-jina suna jinyar juna, babu mai iya ɗaga bindiga. Bai harba ba, sai ma ya raka su har bakin teku, ya sara wa matuƙin, Charlie Brown, ya juya, alhali ya san idan shugabanninsa suka ji zai iya rasa ransa. Mutanen biyu sun haɗu a 1990, suka zama aminai, suka kuma rasu a shekara guda, 2008. Mai zane John D. Shaw ya zana wannan lamari, kuma zanen ya shahara duk da cewa babu harsashi ko ɗaya da aka harba a cikinsa.

Idon da ke ƙasa

Wani abin da zane ba ya nunawa shi ne cewa matuƙi bai taɓa cin yaƙi shi kaɗai ba. A gumurzun da aka yi a sararin samaniyar Ingila tsakanin Yuli da Oktoban 1940, sunan jiragen Spitfire da Hurricane ne ya fita, amma abin da ya ceci Ingila shi ne tsarin da Iya Cif Mashal Hugh Dowding ya shimfiɗa. Na'urorin rada da ke bakin teku suna hango jiragen Jamus tun daga nesa, to amma teku suke fuskanta, da zarar jirage sun shigo cikin ƙasa sai su ɓace musu. Daga nan sai aikin ya koma hannun dubban 'yan sa-kai, manoma da malaman makaranta da 'yan kasuwa, waɗanda ke tsaye a kan tuddai da tabaron hangen nesa da wayar tarho, suna faɗin yawan jirage da nau'insu da inda suka dosa. A wani ɗaki ake tace waɗannan rahotanni, a jera su a kan taswira, sannan a ce wa matuƙi ga inda zai nufa. Talakan da ya san unguwarsa shi ne rabin idon matuƙi.

Mu ma muna da hannu a wancan yaƙi. Daga watan Satumban 1940, dubban jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu sun riƙa bi ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Hartum da Alƙahira, sannan saboda kuɗin da al'ummar ƙasar nan suka tara na sayen jirage, runduna ta 91 ta sojan saman Ingila ta ɗauki sunan Nijeriya.

Namu matuƙan

An kafa rundunar sojan saman Nijeriya da doka a watan Afrilun 1964 tare da taimakon Jamus ta Yamma. Ba ta gama tsayuwa da ƙafafunta ba yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, aka kawo jiragen MiG-17 na Tarayyar Sobiyet ta Kano, daga baya aka ƙaro Ilyushin-28, kuma da yake matuƙanmu ba su da yawa, sai aka yi hayar baƙi, ciki har da Misirawa. Shugaban rundunar na lokacin, Kanar Shittu Alao, a cikin jirgi ya rasu a watan Oktoban 1969. Duk da ƙa'idojin yaƙi da Janar Yakubu Gowon ya bai wa dakarunsa, bama-baman da suka faɗa kan kasuwanni da asibitoci a garuruwa irin su Aba da Umuahia sun ɓata sunan Nijeriya a idon duniya fiye da duk wata farfaganda, kuma suna cikin dalilan da suka sa Carl Gustaf von Rosen ɗan ƙasar Suwidin ya kawo wa Biyafara ƙananan jirage biyar a watan Mayun 1969, ya lalata jiragen tarayya suna ajiye a filayen Fatakwal da Benin da Inugu. Darasi na farko ke nan da tarihi ya ba mu: bam ɗin da ya faɗa kan farar hula abokin gaba yake yi wa aiki.

Daga wancan lokaci zuwa yau rundunar ta yi nisa. Jiragen Alpha Jet da aka sayo a farkon shekarun 1980 sun yi aiki a Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, sun je Mali a 2013. Ana fara koyar da tuƙi a Kaduna, a ci gaba a Kano da jiragen L-39, a ƙware a dabarun yaƙi a Kainji. A 2021 an karɓi jiragen JF-17 guda uku daga Pakistan, aka kuma fara karɓar Super Tucano 12 daga Amurka, shida na farko suka sauka a Kano a watan Yuli. Injiniyoyin rundunar ma sun ƙera jirage marasa matuƙa na leƙen asiri, suka raɗa musu sunayen Hausa, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018.

Kuma wajibi ne mu faɗi gaskiya, akwai mazaje a cikinsu, akwai kuma mata masu kamar maza. A watan Satumban 2014 jirgin Wing Kwamanda Chimda Hedima ya faɗi a fagen daga a arewa maso gabas, 'yan Boko Haram suka kama shi suka yi masa kisan gilla. Tolulope Arotile, mace ta farko da ta tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu a ƙasar nan, ta yi artabu da 'yan bindiga a Jihar Neja kafin rasuwarta a Kaduna a watan Yulin 2020 tana da shekara 24. A ranar 18 ga Yuli, 2021, 'yan bindiga suka harbo jirgin Alpha Jet na Flait Laftanar Abayomi Dairo a kan iyakar Zamfara da Kaduna. Ya cilla kansa waje da kujerar tsira, ya sauka da laima a tsakiyar maƙiya, ya ɓuya har dare ya yi, sannan ya bi duhu yana duba hanya da wayarsa har ya isa wurin sojojin ƙasa. Mutanen Kebbe da sauran yankunan da ke maƙwabtaka da Zamfara, waɗanda masu garkuwa da mutane suka hana noma da barci, sun san darajar ƙarar jirgi idan ya zo a kan kari. Wanda bai taɓa kwana a daji da iyalinsa don gudun ɓarayi ba, kada ya yi saurin raina aikin waɗannan bayin Allah.

Inda aka yi tuntuɓe

To amma yaƙinmu ba irin na Boelcke ba ne. Ɗan bindigar Zamfara ba shi da jirgi, ba ya sa kaki, babur yake hawa irin wanda ɗan acaɓa da ɗan sa-kai da mai zuwa cin kasuwa suke hawa, rawaninsa irin na kowa, shanun da ya sato kuma ba su da bambanci da na makiyayin kirki. Daga sama, a gilashin na'ura mai nuna zafin jiki, duk ɗige-ɗige ne farare masu motsi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

A ranar 17 ga Janairu, 2017, jirgin yaƙi ya jefa bama-bamai a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Jihar Barno, mutane fiye da 100 suka hallaka, har da ma'aikatan agaji na Red Cross. Binciken hedikwatar tsaro ya nuna cewa ba a sanya sansanin a taswirar da ake aiki da ita ba. A watan Fabrairun 2022 yara bakwai suka mutu a ƙauyen Nacade na Jihar Maraɗi a Nijar, gwamnan jihar kuma ya ce jirgin Nijeriya ne da ke farautar 'yan bindiga ya yi kuskure. A watan Janairun 2023 makiyaya kusan 40 suka mutu a yankin Doma na Jihar Nasarawa. A daren 3 ga Disamba, 2023, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya afka wa masu Mauludi a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi a Kaduna, hukumar NEMA ta ce an binne mutum 85, Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je da kansa ya nemi gafara, a watan Mayun 2024 kuma aka sanar cewa jami'ai biyu za su fuskanci kotun soja. A nan gida Sakkwato, ranar 25 ga Disamba, 2024, wato shekara guda cif kafin abin da ya faru a Jabo, aƙalla mutum 10 suka rasu a ƙauyukan Gidan Sama da Rumtuwa na ƙaramar hukumar Silame a wani harin da aka ce Lakurawa aka auna. Makonni kaɗan bayan haka, a watan Janairun 2025, 'yan sa-kai da suka fito bin sawun ɓarayi a Tungar Kara ta Jihar Zamfara su ma suka gamu da ajalinsu ta sama.

Idan aka dubi yawancin waɗannan, za a ga makami ya faɗa daidai inda aka auna. Hannu bai yi kuskure ba, labari ne ya yi kuskure: taswira ba ta cika ba, ko mai tsegumi ya yi ƙarya, ko an ga taro an yi masa mummunar fassara, ko an yi gaggawa. Masu iya magana sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai an yi dubu kafin a fito. Kowane irin wannan kuskure yana rufe bakin mutum ɗari da a da za su kawo wa hukuma labari, ya kuma buɗe wa 'yan ta'adda ƙofar ɗaukar marayu aiki.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a ƙasar Shehu. Addininmu ya umarce mu a cikin Suratul Hujurati da mu tantance labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cuci wasu mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Halifa Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya hori rundunarsa da kada su kashe mata da yara da tsofaffi, kada su sare itatuwa masu 'ya'ya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu sun yi rubuce-rubuce a kan ƙa'idojin yaƙi da iyakokinsa. Ita kanta Tambuwal tarihi ya san ta a matsayin ribaɗin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna don tsaron iyaka, ribaɗi kuwa da idon mazauna wurin yake rayuwa.

Abin da ya kamata a yi

Na farko yana wuyan hukumomi. A 2025 rundunar sojan sama ta sanar da wani tsari na rage cutar da fararen hula, wannan abin a yaba ne, sai dai tsarin da ya tsaya a Abuja ba zai ceci kowa a Kuci ko Sanyinna ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Me zai hana shugabannin ƙananan hukumomin Kebbe da Tambuwal, tare da uwayen ƙasa da hakimai da limamai da arɗaɗɗan Fulani, su zauna da jami'an rundunar Fansan Yamma su fitar da cikakkiyar taswira mai ɗauke da kowace ruga da tunga da makarantar allo da mashayar dabbobi, da ranakun cin kasuwa, da lokutan Mauludi da sauran tarukan dare? A samar da lambar waya guda da dagaci zai kira ya sanar da taro tun kafin a yi shi. Askarawan da gwamnatin jiha ta kafa da sauran 'yan sa-kai su kasance da wata alama da hanyar magana da sojoji, ta yadda na sama zai bambanta mai bin ɓarawo da ɓarawon. Abin da Dowding ya yi da wayar tarho a 1940 bai kamata ya gagare mu da wayar salula ba. Kuma kada a kai hari bisa maganar mutum guda, domin gaba da hassada da rikicin gona su ma sun iya sa rigar tsegumi.

Na biyu yana wuyan wakilanmu a majalisa. Duk lokacin da aka yi kuskure, a yi bincike, a bayyana sakamakonsa ga jama'a, a biya diyya ba tare da an sa talaka zarya ba. Haka kuma duk wata yarjejeniya da za ta bai wa wata ƙasa damar harba makami ta saman gidajenmu, haƙƙin 'yan majalisa ne su san sharuɗɗanta, su kuma tambayi wa zai ɗauki alhaki idan aka yi ɓarna. A Jabo gona abin ya faɗa. Da cikin gari ne fa?

Na uku yana wuyan masu fasaharmu. Lokacin da jiragen Jamus da Italiya suka ragargaza garin Gernika na ƙasar Sifen a ranar 26 ga Afrilu, 1937, Pablo Picasso ya yi zanen da har yau duniya ke tunawa da shi, kuma babu jirgi ko ɗaya a cikinsa, sai uwa riƙe da gawar ɗanta, da doki yana kururuwa. Muna da sashen koyar da zane mai daɗaɗɗen tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, muna da matasa a Sakkwato da Kano da Katsina da suka ƙware a zanen kwamfuta, an ma taɓa yin fim ɗin Eagle Wings a 2021 da haɗin gwiwar rundunar sojan sama, wanda Yakubu Muhammad ya fito a ciki. Babu laifi a zana jarumtar Dairo da Hedima da Arotile, sun cancanta, kuma gara yaranmu su san sunayensu da su haddace na jaruman finafinan Amurka. Amma a zana mana har da matuƙin da ya kewaya sau uku, ya ga yara a cikin taro, ya koma gida da makamansa. A zana mana abin da ke ƙarƙashin fiffike. Sannan duk wanda ya yi zane ya rubuta a jiki cewa zane ne.

Na huɗu namu ne, mu masu karanta jarida, waɗanda ake tambaya a majalisa da ƙofar masallaci ko abu kaza gaskiya ne. Kafin mu tura bidiyon jirgi na ruwan wuta, mu tambayi kanmu wa ya ɗauka, a ina, kuma yaushe. Idan hukuma ta ce an hallaka 'yan ta'adda masu yawa, mu yi fatan haka ne, amma mu saurari abin da mutanen ƙauyen za su ce, domin idan kifi ya fito daga ruwa ya ce idon kada ɗaya ne, babu mai musa masa. Haka nan idan aka yi kuskure, kada mu yi wa rundunar kuɗin goro, mu manta da waɗanda suka ba da rayukansu dominmu.

Gwanin matuƙi shi ne wanda talaka zai ji ƙarar jirginsa ya ce alhamdu lillahi, ba wanda zai ji ya kwashi 'ya'yansa ya rasa inda zai nufa ba. Ranar da manomin Kebbe da makiyayin Tambuwal suka kai ga wannan natsuwa, ranar ce za mu ce kuɗin da aka kashe wajen sayen jirage sun yi amfani.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, sojoji da fararen hula, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.